Darasi na Tara: Jijiyoyi, Garkuwar Jiki da Ciwon Daji

Kafin mu shiga batun, ya kamata ɗalibi ya lura cewa kalmar "jijiya" a Hausa tana ɗauke da ma'ana fiye da ɗaya. Akwai jijiyar jini, akwai wadda ke ɗaure tsoka da ƙashi, akwai kuma wadda ke kai saƙo tsakanin ƙwaƙwalwa da sassan jiki. Wannan ta ƙarshe ce abin nufi a nan, kuma za mu kira ta jijiyar saƙo. Malamin da bai bambance su a gaban aji ba, ya ɓatar da ɗalibansa tun daga jimlar farko.

An daɗe ana ɗaukar cewa jijiyar saƙo ba ta da wani hannu a ciwon daji, illa dai ta sanar da majinyaci zafi. Binciken da aka yi a kan ɓeraye ya sauya wannan fahimta. A shekarar 2014 masana daga Norway da Amurka suka yanke jijiyar da ta sauko daga ƙwaƙwalwa zuwa tumbi, sai bunƙasar ƙarin tumbin ta ragu. Ke nan ƙari yana amfana da jijiya, har ma yakan jawo ta ta tsiro cikinsa.

Abin da ya fi jan hankali shi ne yadda lamarin ya shafi garkuwar jiki. Daga cikin dakarunta akwai ƙwayoyin T, waɗanda aikinsu shi ne farautar gurɓatattun ƙwayoyin halitta. A shekarar 2022 Sébastien Talbot da abokan aikinsa a Kanada suka nuna cewa a sankarar fata, jijiyoyin jin zafi suna fitar da wani sinadari mai suna CGRP, wanda ke galabaitar da ƙwayoyin T har su kasa yaƙi. Da aka toshe wannan hanya, sai ƙwayoyin suka farfaɗo, ƙarin ya rage girma. Wannan yana da muhimmanci ga magungunan zaburar da garkuwa, waɗanda James Allison da Tasuku Honjo suka sami lambar yabo ta Nobel a kansu a 2018, domin ba kowane majinyaci suke yi wa aiki ba.

Sai dai fa ɓera ba mutum ba ne. Kada malami ya gaya wa ɗalibai cewa an sami magani, ko kuwa damuwa ce ke haddasa daji.

Aikin aji: Samar da kalmar Hausa guda da za ta maye gurbin "jijiyar saƙo", sannan ka kare zaɓinka da hujjar ginin kalma.