Ciwon wuya: daga ina yake fitowa?

Wuya shi ne ke ɗauke da kai. Kan babban mutum ya kai nauyin kilo 5. Wuya yana ɗauke da shi tun safe har dare.

Abin da ke cikin wuya

Ƙasusuwa 7 ne cikin wuya, ɗaya bisa ɗaya. Raƙumin dawa na Kure ma, duk tsawon wuyansa, 7 gare shi. Tsakanin ƙasusuwan akwai ƴan faifai masu taushi, kamar gammo. Su ke hana ƙashi ya gogi ƙashi. Laka tana bi ta tsakiyar ƙasusuwan, daga ƙwaƙwalwa zuwa baya. Jijiyoyi suna fita daga laka, su sauka har yatsu. Tsoka ta kewaye su duka.

Abin da ke kawo ciwo

1. Gajiyar tsoka. Ita ta fi yawa. Noma a sunkuye, mugun kwanci da kaya bisa kai suna kawo ta. Litar ruwa ɗaya kilo ɗaya ce. Mace mai ɗauke da lita 20 ta aza ma wuyanta kilo 20.

2. Tsufa. Faifan suna bushewa, ƙasusuwa su matsu, waiwaye ya yi wuya.

3. Danne jijiya. In faifai ya goce, sai ya danne jijiya. Ciwo ya sauka ga hannu, yatsu su mutu. Ciwon a hannu ake jinsa, amma tushensa a wuya yake.

4. Faɗuwa daga itace, jaki ko amalanke. Ƙashi yana iya karyewa. Kada a ja wuyan, kada a murɗa shi. In laka ta taɓu, hannuwa da ƙafafu suna iya shanyewa. A kwantar da mutum bisa katako, a riƙe kansa, a kai shi gidan likita.

5. Sanƙarau. Cuta ce ta fatar da ta lulluɓe ƙwaƙwalwa da laka. Ta fi kamu lokacin hunturu da bazara. Alamunta: masassara mai zafi, ciwon kai, amai, wuya ya sanƙare. Tana kisa cikin kwana ɗaya ko biyu. Kada a jira gari ya waye. A tafi gidan likita maza-maza.

Ciwon gajiya yana wucewa cikin ƴan kwanaki. A rage kaya, a gasa wuya da tsumma mai ɗumi. In bai wuce ba, a ga likita.

Tambayoyi

Ƙasusuwa nawa ne cikin wuya?
Waɗanne alamu ke nuna sanƙarau?