Binciken Shafukan Intanet Domin Amfanin Naƙasassu: Darasi Daga Ƙasar Anka

Gabatarwa

A da, idan ɗalibi a garin Anka ko Gummi yana son shiga jami'a, sai ya sayi takardar neman gurbi, ya cika ta da biro, ya miƙa. A yau al'amarin ya sake. Tun daga shekarar 2015 hukumar JAMB ta mayar da jarrabawarta kacokan kan kwamfuta, sannan duba sakamako da biyan kuɗin makaranta da neman aiki, galibinsu sun koma kan shafukan intanet. Wato ke nan shafin intanet ya zama ƙofar da kowa zai bi kafin ya kai ga biyan buƙatarsa. To, shin wannan ƙofa tana buɗewa ga makaho da kurma da wanda hannunsa ya shanye? Amsar tana cikin rubutun umarnin da aka gina shafin da shi. Wannan maƙala za ta nuna wa mai karatu, musamman ɗalibin kimiyyar kwamfuta, yadda ake bincika wannan rubutu mataki-mataki.

Abin da ya sa batun ya shafe mu

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta a shekarar 2022 cewa mutane kimanin biliyan 1.3, wato kashi 16 cikin 100 na al'ummar duniya, suna rayuwa da wata naƙasa mai tsanani. A yammacin Jihar Zamfara kuwa akwai wani dalili na musamman. A shekarar 2010 ƙungiyar likitoci ta MSF ta gano cewa gubar dalma, wadda ke fitowa daga niƙan duwatsun zinariya a cikin gidaje, tana kashe yara a ƙauyukan ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum, irin su Dareta da Abare da 'Yargalma. An ƙiyasta cewa yara wajen 400 suka rasu. Dalma tana yi wa ƙwaƙwalwa da jijiyoyi lahani, saboda haka cikin waɗanda suka tsira akwai masu raunin ji, da masu raunin gani, da waɗanda gaɓoɓinsu suka shanye, da masu wahalar riƙe karatu. Waɗannan yara yanzu sun kai shekarun samartaka, wato shekarun rajistar jarrabawa da neman sana'a. Ga kuma waɗanda shan inna ya naƙasa, da dattawan da yanar ido ta rage musu gani.

Ta fuskar doka ma, a shekarar 2010 Nijeriya ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin naƙasassu, wadda sashe na 9 nata ya ambaci intanet ƙarara cikin abubuwan da dole a sauƙaƙa musu. A watan Janairun 2019 kuma Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a kan dokar hana nuna wa naƙasassu bambanci. A wasu ƙasashe batun ya daɗe da zuwa gaban hukuma. Alal misali, a shekarar 1999 wani makaho mai suna Bruce Maguire ya kai ƙarar masu shirya wasannin Olamfik na birnin Sidni a Ostireliya saboda ya kasa amfani da shafinsu, ya kuma yi nasara, aka yanke a biya shi dalar ƙasar 20,000.

Yadda makaho ke karanta shafi

Kowane shafin intanet yana da fuska biyu. Akwai wadda ido ke gani, akwai kuma rubutun umarni da ke bayanta, wanda ake yi da harshen HTML. Makaho yana amfani da wata manhaja da za mu kira makarancin allo, wadda ke bin wannan rubutu tana furta abin da ta tarar da murya. Daga cikin irin waɗannan manhajoji akwai JAWS, da NVDA wadda wasu makafi biyu 'yan Ostireliya suka samar kuma ake bayar da ita kyauta tun 2006, da TalkBack ta wayoyin Android, da VoiceOver ta wayoyin iPhone.

Abin lura shi ne, makarancin allo bai san abin da ke kan allo ba sai abin da magini ya rubuta a cikin umarni. Yana kama da ɗan jagora wanda shi ma labari ake ba shi. Idan magini ya ce wannan maɓalli ne na aikawa, haka manhajar za ta faɗa. Idan bai faɗi kome ba, sai ta ce "maɓalli" kawai, ta bar mai sauraro cikin duhu.

Ma'aunin da ake bi

Ƙungiyar W3C, wadda Tim Berners-Lee, maƙirƙirin yanar gizo, ya kafa a 1994, ita ce ta tsara ƙa'idojin da aka sani da WCAG. Bugu na farko ya fito a 1999, na 2.0 a 2008, na 2.1 a 2018, sai na 2.2 a 2023. Ƙa'idojin sun tsayu ne a kan ginshiƙai huɗu: a iya tsinkayar abin da ke shafi ta ido ko kunne ko taɓawa, a iya sarrafa shi, a iya fahimtarsa, sannan ya yi aiki da na'urori iri-iri. Suna da daraja uku, A da AA da AAA, kuma ta tsakiyar ce aka fi neman a cika.

Matakan bincike

Mu ɗauka wata makaranta ta ba mu shafinta na neman gurbin karatu mu duba. A kan kwamfuta, idan aka danna maɓallan Ctrl da U tare, rubutun umarnin shafin zai bayyana. Daga nan sai a bi waɗannan matakai.

Mataki na ɗaya shi ne harshe. A farkon rubutun a nemi kalmar lang. Idan shafin na Hausa ne, ya kamata a ga lang="ha". Da wannan ne makarancin allo ke gane harshen da zai furta. Idan aka rubuta cewa shafin na Ingilishi ne alhali na Hausa ne, manhajar za ta bi ƙa'idar furucin Ingilishi, abin ya fito kamar gwaranci. Haka kuma a tabbata an rubuta ɓ da ɗ da ƙ a matsayin haruffa na ainihi, ba a ɗauki hoton rubutu an manna ba.

Mataki na biyu shi ne hotuna. Kowane hoto yana zuwa da alamar img, kuma ya kamata ya kasance da kalmar alt mai ɗauke da taƙaitaccen bayaninsa. Idan makaranta ta sa hoton takardar sanarwa mai ɗauke da ranar rufe rajista, ba ta kuma rubuta ranar a ko'ina ba, to makaho ba zai taɓa sanin ranar ba. Hoton da aka sa don ado kawai, sai a bar alt ɗinsa babu kome a ciki, domin manhajar ta tsallake shi. Wannan gyara yana amfanar mai ido ma, domin a ƙauyen da sadarwa ke da rauni hoto kan ƙi buɗewa, sai bayanin ya fito a madadinsa.

Mataki na uku shi ne kanun rubutu. Mai ido yakan waiga shafi ya gane inda zai nufa. Makaho kuwa yakan sa manhajarsa ta jero masa kanun, ya yi tsalle zuwa wanda yake so. Wannan ba zai yiwu ba sai an yi wa kanun alamominsu, daga h1 zuwa h6, bisa tsari. Magini da yawa sukan ƙara wa rubutu girma da kauri kawai, ido ya ɗauka kan magana ne, amma manhaja ba ta gan shi ba.

Mataki na huɗu shi ne fom, kuma nan ne aka fi cutuwa. Kowane gurbi, na suna ko na lambar waya ko na ƙaramar hukuma, dole a ɗaure shi da sunansa ta alamar label. In ba haka ba, ɗalibi zai ji gurabe goma a jere babu mai suna. Idan kuma ya yi kuskure, wajibi ne shafin ya faɗa da kalmomi wane gurbi ne, kuma mene ne kuskuren. Har ila yau a duba gwajin nan na karkatattun haruffa da ake cewa mutum ya kwafa don a tabbatar shi ɗan'adam ne. Idan babu wata hanya ta daban, kamar ta sauraro, to an rufe wa makaho ƙofa ruf.

Mataki na biyar shi ne a ajiye linzamin kwamfuta gefe, a yi amfani da madannai kaɗai. A riƙa danna maɓallin Tab ana tafiya daga gurbi zuwa gurbi, ana amfani da Enter wajen buɗewa. A lura da abu uku: ana iya kaiwa ga kome da kome? Ana ganin inda aka tsaya? Akwai inda aka shiga aka kasa fita? Makafi da masu rawar hannu da waɗanda hannunsu ya shanye duk da wannan hanya suka dogara.

Mataki na shida shi ne launi da girma. Ana auna bambancin hasken rubutu da na bangonsa da lissafi. Baƙi a kan fari yana ba da 21 bisa 1, shi ne mafi girma. Ƙa'ida ta nemi aƙalla 4.5 bisa 1 ga rubutu na yau da kullum, da 3 bisa 1 ga manyan haruffa. Rubutu mai ruwan toka a kan fari yakan kasa, kuma duk wanda ya taɓa duba waya a tsakar rana a kasuwar Gummi ya san wahalarsa. Kada kuma a dogara da launi kaɗai wajen isar da saƙo, kamar a ce ja na nufin an faɗi, kore na nufin an ci, domin akwai masu kasa bambance waɗannan launuka biyu, yawancinsu maza. Sannan a ninka girman rubutun zuwa kashi 200 cikin 100 a gani ko wani abu zai ɓace.

Mataki na bakwai shi ne sauti da lokaci. Duk bayanin da aka yi da murya ko majigi, a rubuta shi domin kurame; in da hali a haɗa da mai fassara da maganar hannu. Idan shafi yana rufe kansa bayan 'yan mintoci, a ba mutum damar ƙara lokaci, domin mai sauraro da mai jinkirin fahimta suna buƙatar natsuwa. Jimloli su zama gajeru, umarni ya zo ɗaya bayan ɗaya. Kada kuma wani abu ya riƙa walƙiya fiye da sau uku a daƙiƙa guda, saboda yana iya tayar wa mai farfaɗiya da ciwonsa.

Na'urorin bincike da iyakarsu

Akwai manhajoji na kyauta masu sauƙaƙa wannan aiki, kamar WAVE da axe da Lighthouse, wadda ke cikin Chrome, ana samun ta idan aka danna F12, tana kuma ba da maki daga 0 zuwa 100. Cibiyar WebAIM ta Jami'ar Jihar Yuta a Amurka takan yi amfani da WAVE ta binciki shafuka miliyan ɗaya da aka fi ziyarta a duniya kowace shekara tun 2019. A binciken 2024 ta tarar fiye da kashi 95 cikin 100 suna da kurakurai. Waɗanda suka fi yawa su ne dusasshen rubutu, da hoto marar bayani, da gurbin fom marar suna, wato dai ƙananan abubuwa masu sauƙin gyara.

Sai dai a yi hattara, cin maki 100 ba ya nufin aiki ya kammala. Manhaja tana iya ganin cewa hoto yana da bayani, amma ba za ta tabbatar da cewa bayanin ya dace da hoton ba. Idan aka rubuta "hoto na uku" a kan taswirar hanyar Anka zuwa Bagega, na'ura na iya wucewa, makaho kuwa bai ƙaru da kome ba. Don haka sai mai bincike ya kunna TalkBack a wayarsa, ya rufe idonsa, ya riƙa shafa allo zuwa dama don matsawa gaba, ya taɓa sau biyu don zaɓa, ya gani ko zai iya cika fom ɗin har ƙarshe. Bayan wannan, mataki mafi muhimmanci shi ne a kai shafin ga masu abin. Hausawa na cewa mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. A ƙasar Hausa makafi da guragu da kurame suna da sarakunansu da ƙungiyoyinsu, saboda haka samun waɗanda za su gwada shafi ba abu ne mai wuya ba. A zauna da su, a saurara, a kuma biya su ladan lokacinsu.

Kammalawa

Idan shafi ya gagari naƙasasshe, abin da ke biyo baya sananne ne. Zai nemi wani ya cika masa, ya ba shi lambobinsa na sirri, ya biya kuɗin mota da na mai shagon intanet, kuma idan an yi masa kuskure a suna ko a darasin da ya zaɓa, ba zai sani ba sai lokaci ya ƙure. Yawancin gyare-gyaren da muka lissafa kuwa layi ɗaya ne ko biyu na rubutu, kuma sun fi sauƙi a lokacin gini a kan bayan an gama, domin ice tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

A matsayin aikin gwaji, muna ba ɗalibai shawarar kowa ya zaɓi shafi ɗaya da mutanen garinsu ke yawan amfani da shi, ya bi matakan nan bakwai, ya rubuta kurakuran da ya gano tare da yadda za a gyara kowanne, sannan ya aika wa masu shafin cikin ladabi. Allah ya sa mu amfana da abin da muka karanta, amin.