Zane mai tudu da kwari

A unguwar Birni ta Damagaram akwai gidaje masu ado a bango. Adon iri biyu ne. Wani da fenti aka yi shi. Wani kuma magini ne ya tayar da shi da laka, ya yi masa tudu da kwari. Idan makaho ya shafa na fenti, sumul zai ji bangon. Idan ya shafa na laka, zai gane zanen sarai.

Haka abin ya ke a aikin kwamfuta. Mai zane ya kan zana tulu a cikin kwamfuta, ya lulluɓe shi da hoto mai haske da inuwa. Sai ido ya ga kamar an sassaƙa tulun, alhali ruɗin ido ne.

Na'ura mai gina siffa

Akwai na'urar da ke gina abin da aka zana a kwamfuta, har a ɗauke shi a hannu. Irinta ta fara fitowa a shekarun 1980. Charles Hull na Amurka yana cikin waɗanda suka ƙirƙiro ta. Wadda aka fi sani yau zaren roba ta ke ci. Tana narkar da shi da zafin digiri kamar 200, ya fito ta wani siririn baki. Sai ta riƙa aza sahu bisa sahu, kamar yadda a ke gina rumbu. Sau da yawa sahu 5 ne ke yin milimita 1.

Wannan na'ura siffa kaɗai ta ke bi. In aka ba ta tulun nan, za ta gina shi sumul, babu ado ko ɗaya. Tilas sai an mai da hoton ya zama tudu da kwari na gaske.

Yadda a ke yi

Da farko a kan mai da hoton baƙi da fari. Kwamfuta tana ba kowane ɗigo lamba, daga 0 zuwa 255. Baƙi wuluk shi ne 0, wato kwari. Fari fat shi ne 255, wato kan tudu. Toka-toka yana tsakani.

Na biyu, a kan shirya jikin tulun. A cikin kwamfuta, jikin kowace siffa raga ce ta alwatika masu yawa. Raga mai manyan idanu ba ta ɗaukar ƙaramin ado. Saboda haka a kan raba kowace alwatika gida 4, a sake raba kowace gida 4.

Na uku, kwamfuta tana tura ƙullan ragar waje. Ƙullin da ya faɗa kan fari ya fi kowanne fitowa. Wanda ya faɗa kan baƙi ya tsaya wurinsa. Mai aikin ne ke yanke iyakar tudun, misali milimita 2.

Na huɗu, a kan duba ragar, kada a sami huda ko ɗaya. Sannan kwamfuta ta yanka siffar sahu-sahu, ta aika wa na'ura.

Aikin yana son lura. Inuwar da ke cikin hoto baƙa ce, kwamfuta kuwa za ta ɗauke ta rami. Dole a cire ta tun da fari. Kuma bakin na'ura ya kan kusa rabin milimita. Layin da ya fi shi siranta ba zai fito da kyau ba.

Amfaninsa

A 1829 wani makaho ɗan Faransa, Luwi Burai, ya fitar da littafin rubutun makafi. Ɗigo 6 masu tudu sun isa a rubuta kowane harafi. Amma ɗalibi makaho yana bukatar taswira kuma, kamar ƴan'uwansa. Da wannan dabara ana iya gina masa taswirar Nijar. Dutsen Bagazam na Abzin, wanda ya wuce mita 2000, a ba shi fari. Kwarin kogin Isa a ba shi baƙi. A kan ƙara wa tuddan tsawo don su ji a hannu. Da yatsunsa ɗalibin zai bi kogin, ya hau duwatsu, ya san ƙasarsa.

Tambayoyi

1. Mene ne bambancin adon fenti da adon laka?
2. Don me a ke cire inuwa daga hoto?
3. Tudu mai milimita 2, sahu nawa ne?
4. An raba alwatika 1 gida 4, an sake raba kowace gida 4. Nawa aka samu?

Aiki

Kowane ɗalibi ya daɓe laka a kan allo, ya tayar da zanen dagi a kai. Abokinsa ya rufe ido, ya shafa, ya faɗi abin da ya gane.