Abin Da Na Koya Wajen Ƙera Jitata Ta Farko

Hausawa na cewa da koyo akan iya. Ni dai tun ina aji ɗaya ba ni da abin sha'awa kamar aikin katako. In an ba da hutu, shagon kawuna kafinta shi ne wurin zamana. A can na yi benci, na yi akwatin littattafai, har da kejin tantabaru. Bara kuwa sai zuciyata ta raya mini in ƙera jita, watau abin kiɗan nan mai tsirkiya shida. Da na gaya wa Kawu sai ya yi murmushi, ya ce, "Yaro, benci ba ya magana, shi ya sa ba ya tona asirin kafinta. Wannan kuwa da ka ɗauko, bakinta ba ya shiru." To, 'yan'uwana ɗalibai, ga abin da na koya, ko wani ya ƙaru.

Daga Ina Murya Take Fitowa?

Kowa ya san garaya da gurmi. Tsirkiya ita kaɗai ba ta da wata murya. Sai ta bi ta kan jaki, jaki ya girgiza fata, sa'an nan a ji amo. Haka jita take, sai dai a maimakon fata an sa fallen katako marar kauri, wanda za mu kira fuska. Wani mutumin Sifen, Antonio de Torres, wanda aka haifa a 1817 ya rasu a 1892, shi ne ya daidaita siffar jitar da ake koyi da ita har yau. Da ma shi kansa da aikin kafinta ya fara. A shekarar 1862 ya ƙera wata jita wadda bayanta da gefenta na takarda ne da aka manna, fuskarta kaɗai ce ta katako mai kyau, don ya nuna cewa a fuska murya take.

Zaɓen Katako

Fuska tana son katako marar nauyi, mai miƙaƙƙen zane. Ƙwararru sukan yi amfani da wani icce na ƙasashen sanyi da ake kira sufurus. Ni ban samu ba, sai na ɓalle wani tsohon akwatin kaya na zaɓi falle biyu marasa ido. Baya da gefe da wuya kuwa na yi su da maɗaci, ashe dangin maɗacin nan namu ma ana sa su a jitocin da ake sayarwa a ƙasashen waje. Ƙashin saniya da na samo wajen mahauta shi na gyara ya zama matokarin tsirkiya a kan jaki da kuma a ƙarshen wuya.

Fuska Da Haƙarƙarinta

Na haɗa fallayen nan biyu da gam, bayan na ɗaga su ga rana na tabbata haske ba ya ratsa tsakaninsu. Sa'an nan na yi ta rage kaurinsu har ya dawo wajen milimita biyu da rabi, na yanke ramin tsakiya. A nan wahalar take. Tsirkiyoyi shida na roba, in an ɗaure su, suna jan kusan kilo 40, watau nauyin jarka biyu na ruwa masu lita ashirin-ashirin. In fuska ta yi kauri, murya ta mutu. In ta cika sirancewa, sai ta lotsa. Maganin da Torres ya yi fice da shi shi ne a manna 'yan siraran sanduna bakwai daga ciki, a baje su kamar yatsun hannu. Su ne haƙarƙarin jita. Lura fa, tsirkiyar ƙarfe tana jan wajen kilo 70, saboda haka kada a ɗaura ta a jitar da aka yi don ta roba, sai ta ɓamɓare jaki.

Lanƙwasa Gefe

An ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, amma a wannan aiki busasshe ake tanƙwarawa. Akan fere katakon gefe ya dawo wajen milimita biyu, a jiƙa shi, a riƙa goga shi a jikin bututun ƙarfe mai zafi ana danna shi a hankali. Ni garwashi na zuba a cikin bututun. Na karya biyu don gaggawa. A na uku ne na gane cewa katako da kansa yake gaya wa hannu ya yi laushi. Wajen haɗa jiki kuwa, tsohuwar robar tayar keke na yayyanka na ɗaure da ita har gam ya kama.

Lissafin Wuya

Ga inda darasin lissafi ya yi mini rana. Mai goge da kunnensa yake neman murya, in ya kuskure sai ya gusar da yatsa. Jita kuwa tana da 'yan ƙarafa da aka gitta a wuyanta, bari mu kira su matakai, kuma duk matakin da ya kauce ya kauce ke nan.

Tsawon tsirkiya daga ƙashin wuya zuwa jaki milimita 650 ne. Raba 650 da 17.817, za ka sami 36.5, nan ne mataki na ɗaya. Debe wannan daga 650, saura 613.5. Sake rabawa da 17.817, za ka sami 34.4. Haɗa shi da 36.5, mataki na biyu ya faɗo a kan 70.9. Haka za ka bi har mataki na 19. In lissafinka daidai ne, mataki na 12 zai faɗo a tsakiya cif, watau a kan 325. Kullum ka riƙa aunawa daga ƙashin wuya, kada ka auna daga wannan mataki zuwa wancan, domin ƙananan kurakurai taruwa suke yi. A ƙarshe a ja ƙashin jaki baya da wajen milimita biyu, saboda danna tsirkiya yakan ƙara mata tauri.

Kuskuren Da Na Yi

Na haɗa jitata a cikin watan Agusta, ana tsakiyar damina. Ranar da na ɗaura tsirkiya ta yi magana, ban iya cin tuwon dare ba don murna. Ana nan ana nan sai hunturu ya kama. Wata asuba ina kwance na ji ƙas! Ko da na duba, fuska ta tsage daga jaki har ƙasa. Wata uku na aiki! Na zauna na rasa abin da ke mini daɗi.

Na kai wa Kawu. Ya juya ta, ya ce, "Ka tuna ƙofar ɗakin Inna da ba ta rufuwa da damina, amma da rani har haske ke ratsa ta? Abin da ya same ka ke nan." Watau katako yakan sha laimar iska ya kumbura, in iska ta bushe kuma ya tsuke, ta faɗinsa ba ta tsawonsa ba. Fuskar ta nemi tsukewa, gefe da haƙarƙari suka riƙe ta, ba ta da mafita sai tsagewa. Shi ya sa masu wannan sana'a sukan haɗa jita a ɗakin da laimarsa take wajen kashi 45 cikin ɗari. Mu da ba mu da irin wannan ɗaki, dabararmu ita ce mu manna da rani. Katakon da aka haɗa a bushe, in damina ta zo ɗan kumbura kawai zai yi.

Mun cusa siririn katako a cikin tsagar, muka manna 'yan faci daga ciki. Tabon yana nan, amma muryar ta dawo.

Kammalawa

'Yan'uwa, kada wanda ya raina ajin sassaƙa, domin a cikin jita guda na tarar da lissafi da kimiyya da sanin yanayi. Iyayenmu kuma muna roƙo, in kun ga yaro da zarto lokacin hutu, ku duba abin da yake yi kafin ku ce wasa ne. Ni dai na riga na jingine katakon jita ta biyu a rumfar Kawu. Ba zan taɓa gam ba sai Janairu. Sannu ba ta hana zuwa.