Amsoshin Tambayoyinku: Fadar Agadas da ta Sarakunan Sin

Mai sauraronmu daga Assamaka, kan iyakar Aljeriya, yana tambaya: fadar Sarkin Abzin da ke Agadas ta girmi fadar sarakunan Sin ta Beijing?

To malam, sa'annin juna ne, duk ginin ƙarni na 15. Sarki Yongle ya sa aka fara ta Beijing a 1406, aka gama a 1420, da ginshiƙan katako bisa dandamalin dutse. Ta Agadas kuwa ginin laka ce, kaurin bangonta ke tare zafin Sahara, kuma har yau Sarki na zaune cikinta. UNESCO ta sa tsohon garin cikin kayan tarihin duniya a 2013. In ka biyo ta Arlit, daure ka tsaya a Agadas ka gani da idonka.