Wa Ke Da Ikon Sunan Mota?

Wani mai sauraronmu daga Kornaka, a gundumar Dakoro, ya tambaya: in makaniki ya harhaɗa mota da hannunsa ta fito sak wata shahararriya, yana da ikon liƙa mata sunan waccan?

To Malam, an sha wannan rigima a Amurka. A 1962 Carroll Shelby ya ɗora injin Ford a gangar motar kamfanin AC na Ingila, aka samu Cobra. Kusan dubu ɗaya kacal aka ƙera, amma yau na kwaikwayo sun ninka na asalin. A 2000 Shelby da Ford suka maka kamfanin Factory Five, mai ƙera na kwaikwayo, a kotu. Sulhun da aka yi a 2002 ya bar kamfanin ya ci gaba da ƙera siffar motar, amma ya hana shi kiranta Cobra ko Shelby. A ganinmu sulhun ya yi daidai, domin mai saye sunan yake biya wa kuɗi, da shi yake sanin wanda zai tuhuma in injin ya buga. Wani zai ce ai talaka ba ya iya sayen ta asali, me ya sa za a takura masa? Ba a takura masa ba: kwaikwayon na nan a kasuwa da arha, ƙaryar kawai aka hana.

A Nijar, hukumar OAPI mai hedikwata a Yawunde ke rajistar tamburan kaya bisa yarjejeniyar Bangi ta 1977, kuma rajistar na aiki shekara 10 kafin a sabunta.