Yadda Ake Buɗe wa Sabon Adireshin Intanet Hanya

Kamfanin intanet ya karɓi sabbin adireshin IP daga AFRINIC, ya raba wa kwastomomi, sai ƙorafi ya fara shigowa: Facebook na buɗewa, amma shafin wani banki a Turai ya ƙi. Waya lafiya, rauta lafiya. Sau da yawa cikas ɗin yana can gidan wani, a tsohon jerin bogon.

Bogon shi ne adireshin da bai kamata a gani a intanet ba, har da wanda ba a riga an ba kowa ba. Injiniyoyi kan rubuta jerinsu a rauta, duk saƙon da ya fito daga cikinsu a yar da shi. Ranar da aka rubuta, daidai ne. Sai dai IANA, mai raba manyan rukunan adireshi ga hukumomi irin su AFRINIC, ta ci gaba da rabo bayan haka: ta ba ARIN rukunin 69/8 a 2002, AFRINIC ta sami 41/8 a 2005, sannan 102/8 a Fabrairun 2011. Maigadi kuwa yana nan a bakin ƙofa riƙe da takardar bara, yana korar sababbin 'yan haya.

In kai ne mai sabon rukunin, da farko ka tabbatar. Daga rauta ɗaya, aika ping zuwa wurin da ya ƙi, sau ɗaya da tsohon adireshi, sau ɗaya da sabo. In tsohon ya sami amsa, sabon ya ji shiru, ka kama bakin zaren. Sai traceroute da sabon: layuka za su yi ta sauka da sunayen rautoci, can sai taurari uku, uku, har ƙasa. Sunan ƙarshe kafin taurarin, a nan kusa ƙofar take.

Kafin ka ɗora wa kowa laifi, leƙa RIPEstat ka ga ko duniya na ganin sanarwar rukuninka. Wani lokaci kai ne ba ka yi rajistar hanyar ba.

Sai aikin haƙuri. Nemo injiniyoyin kamfanin da ya toshe ka a whois ko PeeringDB, ka tura musu gajeren saƙo: rukuninka, ranar da aka ba ka, sakamakon gwaje-gwajen biyu, da adireshi ɗaya da za su gwada da kansu. Kada ka bi ta sashen kula da kwastomomi. Za su ce ka kashe rauta ka kunna.

In kai ne mai jerin, goge duk rukunin IPv4 da aka toshe don ba a raba shi ba, kamar yadda RFC 6441 ta nema tun 2011. Bar na cikin gida, irin su 10/8 da 192.168/16. Sauran ka karɓa ta BGP daga Team Cymru, masu sabunta jerin da kansu. Ka duba katangar tsaro da sabobi ma, don wanda ya kwafa jerin a can wataƙila ya daɗe da barin aiki. Sannan ka ce wa mai ƙorafin ya sake aiko da ping.